Ndakotsu da Shuɗin Iri

Gonata da ta Ndakotsu kunya ɗaya ce ta raba su, can bayan Maikunkele, inda jirgi kan bi ta saman kan mutum in zai sauka. Shekara da shekaru muna gaisawa ta kan wannan kunyar, don haka yawancin abin da zan faɗa a gona na gan shi, saura kuma a ƙofar gidansa.

Banufe ne, daga wani ƙauye na bakin ruwa a ƙasar Bida. Ya zo Minna yana matashi tare da amaryarsa Safiyatu, ya sami aikin lebura cikin masu saran ciyawar gefen titi. Aikin da ya yi ke nan har ya yi ritaya. Bai taɓa zama shugaban leburori ba, bai kuma nema ba. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba ya son magana da safe. Hausarsa ta kasuwa ce da wurin aiki, in ransa ya ɓaci sai ta gudu ta bar shi da Nufanci. Ni da yake Bakatsine ne, bai taɓa kirana da sunana ba. "Bawana" yake ce mini, ni ma in mayar masa.

Cikin kayan da ya zo da su daga gida akwai zangarniyar dawa 'yan kaɗan, a naɗe cikin tsohon zane. Dawar mahaifinsa ce. Ja ce, doguwa, ba ta gaggawa, sai kowa ya gama girbi sannan take sunkuyar da kai. Tuwonta kan kwana bai saki ba. Ban san sunanta a wajen malaman gona ba, shi ma bai sani ba. "Ta Nda" yake kiranta, wato ta baba, mu ma muka bi shi.

Kowace kaka, kafin kowa ya sa wuƙa, shi kaɗai yake shiga gonar ya zaɓi kawunan da za su zama iri. Yana taɓa wannan, ya wuce wancan, ba ya gaya wa kowa abin da yake dubawa. Safiyatu ta rataye su saman murhu don hayaƙi ya kori ƙwari. Ita dawa ba ta son doguwar ajiya. In damina biyu ta wuce ba ta ga ƙasa ba, abin da zai fito ba shi da yawa. Wanda ke son ta zauna a hannunsa dole ya riƙa shuka ta.

Gonar kuwa ba tasa ba ce. Wani dattijo ɗan Gbagyi ne ya ba shi aro tun zuwansa, bisa ƙa'idar da kowa ya sani a wajen nan: muddin kana nomawa, ba mai yi maka magana. Ranar da ciyawa ta rufe ta, ta koma gidan masu ita.

Lokacin da farar hula suka karɓi mulki, babura suka cika gari. Babban ɗansa Sheshi ya ajiye fartanya ya hau acaɓa, daga baya ya zama direba ya koma Suleja. Ƙanensa ya bi shi. 'Yan matan suka yi aure, ɗaya a Fadikpe, ɗaya a Bida. Gayyar da muke yi wa juna a noman fari ta mutu ba tare da kowa ya kashe ta ba. Aka wayi gari in ka kira mutane sai tsofaffi uku su zo, su ci tuwo, su yi hira.

Ndakotsu ya ci gaba shi kaɗai, har wata kaka da ya sunkuya zai ɗaga dami wani abu ya ce ƙas a ƙugunsa. Ya warke, amma ba duka ba. Yana iya tafiya mai nisa, yana iya saran shuka da sungumi tunda a tsaye ake yi. Sunkuyo ne ya gagara. In ya yi kunya biyu da fartanya sai ka gan shi ya dafa gwiwa yana kallon ƙasa, kamar wanda ya yar da allura.

A bakin kasuwar Maikunkele akwai shagon Silas, mutumin kudancin Kaduna, tsohon malamin gona ne da ya bar aiki ya kama sayar da taki da maganin feshi. Mutum ne mai dariya da ƙarfi. A shekarun nan masu masara duk sun koma wajensa. Ka shuka, ka fesa a kan ɗanyar ƙasa kafin tsiro ya fito, sai masara ta tashi ita kaɗai, harƙiya da ƙyasuwa ba su ko leƙo ba. Feshi kuma a tsaye ake yinsa. In ka zuba rabin tanki, mai ciwon baya ma zai iya goyawa.

Ndakotsu ya daɗe yana kallon gonakin masara. Wata damina ya shiga shagon ya nuna kwalbar maganin feshin da yatsa.

"Masara ka koma, Baba Bida?" in ji Silas.

"To," in ji Ndakotsu. Bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Allah ya taimake shi rabin gonar kawai ya fesa. Inda bai fesa ba, ta Nda ta fito sumul, ita da ciyawarta. Inda ya fesa, ciyawa babu, dawa ma kusan babu. Wadda ta fito ta fito a murɗe, ganyen ya ƙi warwarewa, ya nannaɗe kamar an tufka shi. Wata ma a ƙarƙashin ƙasa ta buɗe ganyenta ta mutu a can. Ya tono 'yan kaɗan ya zuba a hula ya kai shagon. Na bi shi, don na ga fuskarsa.

Silas ya juya tsiron a tafin hannu, dariyarsa ta tsaya.

"Wannan ai dawa ce. Baba, me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

"Maganin ciyawa ka ce. Dawa ciyawa ce?"

"A wajen maganin nan, ƙanwar ciyawa ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Zauna, Baba, zauna." Ya jawo masa benci. "Ka ga masara, ita ma tana shan gubar nan. Amma cikinta na da zafi, kafin ta yi mata illa ta riga ta narkar da ita. Dawa cikinta sanyi gare shi. Kafin ta farga an murɗe ta."

"To masu dawa su mutu ke nan."

Silas ya shiga ciki ya fito da wata 'yar jaka, ya buɗe. Dawa ce fara, gajerun ƙwayoyi, amma duk an rine ta shuɗi.

"Wannan kamfani ya shafa mata wani magani daban. Shi ba ya kashe komai. Ba ya kuma tare gubar, tsiron zai sha ta kamar kowa. Aikinsa ɗaya: da ƙwayar ta jiƙa ta fara tsagewa, sai ya shiga ya tashi cikin tsiron daga barci, ya sa shi narkar da gubar da sauri, irin na masara. Ciyawa kuwa ba wanda ya shafa mata komai. Ita sai ta sha ta kwanta."

Ndakotsu ya ɗebi kaɗan ya murza da yatsa. Yatsan ya yi shuɗi.

"Wannan shuɗin ne maganin?"

"A'a, launi ne kawai, don kada Mama ta kai niƙa ta kashe mana kai. Maganin ba a ganinsa."

"In na shuka na girbe, 'ya'yanta fa? Sun gaji abin?"

"Ba a gadonsa, Baba. A jikin ƙwayar yake, ba a jininta ba. Abin da ka girbe dawa ce kamar kowace. In ka mayar da ita ƙasa ka fesa, abin da ke cikin hular nan za ka sake gani."

"Kowace shekara sai na zo wurinka ke nan."

"To ba ka son ganina ne?" in ji Silas, dariyar ta dawo.

Ndakotsu bai yi dariya ba. A hanya na ce masa, "Bawana, ka ga abin da rowar magana ke jawowa." Ya ce, "Bakatsine me ya sani a dawa in ban da ci?"

Damina ta gaba ya sayi shuɗin iri. Ba shi da wata hanya, domin gonar ba za ta zauna a ciyawa ba. Abin ya yi yadda Silas ya ce. Dawar kamfani ta tashi layi-layi a kan ƙasa mai tsabta, gajera, kai ɗaya, ta nuna da wuri. Rumbu ya cika. Safiyatu ta tuƙa, suka ci, ba wanda ya ce ba daɗi. Da safe dai ɗumamen ba ya haɗuwa.

Ta Nda kuwa ya ware mata wani yanki a gefen gonar, wajen iyakarmu, inda ba ya fesawa. Nan yake nomewa da hannu. Ya sa maƙeri ya yi masa fartanya mai gajeriyar ƙota, yana durƙusawa a kan tsohon buhu yana ja da gwiwa. Shekarar farko yankin ya kai a kira shi gona. Bayan wasu shekaru ya koma abin da za ka ƙetare da tsalle biyu. Kowace damina ƙugun yana cin kunya ɗaya ko biyu. Ga shi wajen gangare ne, in aka yi ruwa mai ƙarfi bayan feshi sai ya gangaro da maganin, layin farko ya fito a murɗe.

Ya koma wajen Silas da ɗan ƙullin jar dawa a aljihu.

"Ka sayar mini da maganin shi kaɗai. Ni zan shafa wa tawa."

"Wallahi da ina da shi da na ba ka kyauta," in ji Silas. Kirista ne, amma wallahinsa ya fi na kowa yawa a kasuwar. "Ba a kawo shi a kwalba. A durom yake zuwa wa masu kamfanin iri, da inji suke shafawa, da awo."

"To ka ba su tawa su shafa."

Silas ya karɓi ƙullin, ya ce zai gwada in wakilin kamfanin ya zo. Ya kuwa gwada, a gabana ma ya taɓa yi masa maganar. Wakilin yaro ne mai ladabi. Ya ce injinsu ba ya tashi don tiya ɗaya, kuma ba su san wannan dawar ba, ba a gwada ta ba, in ta lalace wa zai ɗauki laifi? Ƙullin ya yi wata da watanni a kan kantar shagon kafin Silas ya mayar masa.

Sheshi ba ɗan banza ba ne, kada a ɗauka haka. Yana aike, yana zuwa da salla. Ya ce a nemi 'yan ƙwadago su nome yankin, shi zai biya. Aka nema. Waɗanda suka zo da tankin feshi a bayansu suka zo. Da aka nuna musu fartanya sai suka dubi juna. Ɗayansu ya ce, "Baba, wannan aikin ai sai dai a tarihi." Wanda ya yarda ya yi, sai bayan ya gama feshin mutane ya zo, lokacin ciyawa ta riga ta kai gwiwa.

A daminar dubu biyu da goma sha ɗaya ciwon ya tashi tun kafin ruwa ya sauka. Ko durƙuson ya gagara. Safiyatu ta karɓo masa rubutu wajen wani malami a Tudun Fulani, ta zo da allon gida ta wanke a gabansa. Ya zauna yana kallon tawadar tana barin itace tana bin ruwa. Ya sha, ya daɗe yana duban ƙasan kwanon.

Bayan kwana kaɗan na je duba shi da hantsi, na tarar da babbar roba a tsakar gida, cike da ruwa shuɗi. Ya juye irin kamfanin duka a ciki yana cuɗawa da hannu, hannun ya rine har gwiwa. Safiyatu na tsaye a ƙofar kicin ta riƙe ƙugu.

"Malam, robar wankina ce fa."

"Zan saya miki wata."

"Kajin nan in suka sha fa? Kai kanka, Silas bai ce kada a taɓa da hannu ba?"

"Kama kajinki ki rufe."

Ya tsame dawar kamfanin ya shanya a buhu. Ta koma fari-fari, da ɗan shuɗi a hancinta. Sannan ya sa aka sauko da ta Nda daga saman murhu, ya sussuke, ya zuba a cikin ruwan.

"Duka?" in ji Safiyatu. "Ka bar ko kai biyu mana."

"In na bar su wa zai nome musu? Ke?"

Ita ma gwiwoyinta sun daɗe da gajiya.

Na ce, "Bawana, da ka tambayi Silas tukuna."

"Mai sayarwa zai gaya maka yadda za ka daina saye?" Ya ɗaga hannunsa mai shuɗi ya nuna mini robar. "Abin da aka shafa, in an wanke ina zai je? Ba ruwa zai bi ba?"

In ka bi maganar a hankali, ba ta mahaukaci ba ce.

Ya bar jar dawar ta sha, ya tsame, ta sha iska a inuwa. Ta fito da wani launi da ba ja ba, ba shuɗi ba. Da ƙasa ta jiƙa ya shuka ta a tsakiyar gonar, wuri mafi kyau, inda ta yi shekaru ba ta taka ba. Sauran gonar ya shuka wankakkiyar dawar kamfani, don a ganinsa ita ta riga ta sha nata tun a jaka. Ya goya rabin tanki ya bi gonar duka, daga iyaka zuwa iyaka. Ranar na ga yana tafiya a miƙe, har da 'yar waƙa ta Nufanci a bakinsa. Washegari aka yi ruwa mai yawa.

Da lokacin tsiro ya yi, ni na riga shi zuwa gona, na ga abin da ya fito, sai na koma tawa na sunkuyar da kai ina aiki. Na ji zuwansa, na ji ya tsaya. Bai yi sallama ba.

Dawar kamfanin ta fito a murɗe, gurbi-gurbi, kamar kan mai ƙora. Ta Nda ma haka, ko fiye. Sai dai a wani ɗan wuri, kusa da tsohon suri, wasu 'yan tsirarun jar dawa sun miƙe lafiya, ganye a buɗe.

Silas da kansa ya hau babur ya zo da ya ji labari. Ya zagaya gonar hannu a baya.

"Baba Bida, Baba Bida. Ka tuɓe wa mai riga, ba ka kuma suturta marar riga ba. Maganin nan ba ya son ruwa, ba gishiri ba ne da zai narke. Cuɗawar da ka yi ta kankare shi daga jikin wannan, ya kwanta a gindin roba. Launin ne ya bi ruwa. Launi ka shayar da ita."

Ndakotsu ya nuna wajen surin da sandarsa. "Waɗancan fa?"

Silas ya je ya tsuguna ya duba. Ya daɗe.

"Wataƙila su ne na ƙasan robar, suka kwashi gurɓin. Wataƙila kuma ƙasar suri ce, mai yumɓu, ta riƙe gubar ba ta kai gare su ba. Ko hannunka ya tsallake wurin da kake feshi."

"Wanne ne a ciki?"

"Ban sani ba, Baba. Wallahi ban sani ba. Kada dai ka sake. Ko da ya kama, abin da awo ne. In ya yi kaɗan bai tashe ta ba, in ya yi yawa shi kansa ya hana ta fita."

Na lura daga duk maganar nan Ndakotsu "wataƙila" ta farko kawai ya ɗauka ya sa a aljihu. Har yau yakan ce da ya rage ruwan, da ya bar ta ta ƙara sha. Amma bai sake gwadawa ba, domin abin da ya rage bai kai a yi caca da shi ba.

Shekarar nan gonar ta yi muni. Maganin ya gama ƙarfinsa, babu inuwar dawa da za ta danne ƙasa, ciyawa ta dawo da fushi. Dattijon da ya ba shi aro ya riga ya rasu. Ɗan dattijon ya zo wucewa, ya gaishe da Ndakotsu da girmamawa, ya tambayi jiki, ya tsaya yana kallon ciyawar. Ya ce mutanen gari suna ta zuwa neman fuloti ta wajen nan, shi dai yana ce musu akwai mai nomawa. Bai ƙara komai a kai ba. Ndakotsu ya gane. Tun daga lokacin gonar duka shuɗin iri ce, daga jaka zuwa rami, ba ya ko buɗe ta sai a bakin gona.

Tsirarun nan na wajen suri ya yi musu shinge da ƙaya, ya riƙa cire musu ciyawa da yatsu, a zaune. Abin da suka ba shi a kaka bai cika hannu biyu na zangarniya ba.

Ya fara yawo da ita. Ya kawo mini, na ce masa gaskiya: ni ma fesawa nake yi, bayana ba na saurayi ba ne. Ya kai wa mutanen coci da na masallaci, duk wanda ya san yana da gona. Kowa ya karɓa ya yaba, ya ce kai, irin wannan ai ta yi wuya yanzu, sannan ya miƙa masa abarsa. Da aka yi rasuwa a ƙauyensu ya tafi da kai ɗaya a jaka, yana cewa can ne gidanta, ba za a rasa mai shuka ta ba. Ya tarar fadama duk shinkafa, tudu duk masara. Ƙanensa ya ga zangarniyar ya riƙe baki, ya kira matan gida su zo su gani. Ya ce, "Yaya, ai mu muna cewa in mun tashi nema wurinka za mu zo." Ndakotsu ya dawo da ita.

Yanzu a cikin gida take. Ya fasa simintin da ke bin katangar bayan ɗakinsa, ya sa aka zubo ƙasa, ya yi mata layi biyu. A kan kujerar tsugunno yake nome ta da tsohon cokali. Tana tashi ta wuce katanga, ta wuce kwanon ɗaki, masu wucewa a hanya suna ɗaga kai. Da yake duk unguwar ba wata dawa a tsaye lokacin da take nuna, tsuntsayen Maikunkele kaf wurinta suke yini. Ya yayyanka tsohon gidan sauro yana ɗaure wa kowane kai, amma suna huda shi. Sai ya zauna a gindinta da gwangwani da tsakuwa a ciki, daga fitowar rana har faɗuwarta. Jumma'a kaɗai yake tashi, Safiyatu ta karɓi gwangwanin.

A kakar dubu biyu da goma sha huɗu Sheshi ya zo da mota. Ya gama ginin gidansa a Suleja, ya ware musu ɗaki, ya kuma sami likitan ƙashi da ya yarda ya duba ƙugun. An yi maganar tun da damina, an sa lokaci. Safiyatu ta ɗaure kayanta tun jiya. Na je yi musu sallama na tarar an sa jakunkuna a bayan mota, Ndakotsu kuwa yana kan kujerarsa a gindin dawar.

"Baba, rana na yi."

"Ba ta nuna ba."

"An ce mini ƙarshen wata."

"Ruwa ya yi jinkiri bana. Taɓa ka ji, har yanzu madara ce."

Sheshi bai taɓa ba. Ya tsuguna a gaban uban, ya rage murya. "To mu bar wa maƙwabta su duba. Ga Baba Bakatsine nan."

"Wannan? Shi da tsuntsayen ai bakinsu ɗaya."

Muka yi dariya, ban da Safiyatu.

"To in ta nuna ka yanke, sai mu tafi da ita can," in ji Sheshi.

"Akwai ƙasa a gidan naka?"

Gidan duk tayil ne har bakin ƙofa, Sheshi da kansa ya nuna mana hoton a waya.

"Za a iya samun bokiti," ya ce.

"Bokiti." Ndakotsu ya ɗaga kai ya bi karan da kallo har sama. "Kuma in na tafi, gonar can wa zai shuka? Masu ita su karɓe. In na dawo, in dawo ina?"

"Baba, to sai yaushe?"

"Bari dai ta nuna."

"Bara ma haka ka ce."

Wani garken tsuntsaye ya sauko kan katanga. Ndakotsu ya girgiza gwangwanin, suka tashi, suka koma kan wayar lantarki suna jira. Sheshi ya miƙe ya dubi uwarsa. Ita kuwa ta riga ta nufi motar. Ta buɗe baya da kanta, ta sauke jakarta, ta sauke tasa, ta ce wa ɗan ya shigo ya ci abinci kafin ya kama hanya.